Yarona ya daina cewa dawaki, ya koma cewa dokoki

Lawali Mai Shago: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, don Allah kar a yi mini dariya. Yarona Abdu shekararshi ukku da wata biyu. Bara da Sallah na kai shi kallon hawa ƙohwar Sarki, yana bisa wuyana yana nuni yana cewa "dawaki, dawaki", har na kusa da mu suna mamaki. Jiya muna zaune ƙohwar gida a unguwar Zariya, nan Maradi, mahaya biyu suka wuce, sai na ji ya ce "Baba, ga dokoki." Na ce dawaki ake cewa. Ya ce "e, dawaki." Ba a jima ba ya ruga cikin gida yana gaya ma uwarshi ya ga dokoki. Shanu ma yanzu saniyoyi ne. To yaro gaba yake yi ko baya? Wata huɗu ke nan da sa shi jardan, makarantar ƙananan yara, kuma tun lokacin abin ya soma. Ni dai zargina Faransancin nan ke dagula mishi kai.

Mushe Isuhu: Wa alaikumus salam. Lawali, ka gode Allah, alƙali ka haifa. Yaron da tun yanzu yake ganin dokoki na tahiya bisa titi ai sai kotu.

Lawali Mai Shago: Na ce kar a yi dariya, Mushe, kai ka soma.

Mushe Isuhu: Yi haƙuri. Amma ka cire jardan daga zargi. Wace kalmar Faransanci ce ta yi kama da dokoki? Abin da zai ba ka mamaki, shekara ashirin da ɗaya ina riƙe da alli, kuma duk shekara sai na ja jan biro ƙarƙashin "les chevals". Ka ga ko a Faransanci doki bai yarda da jam'i mai sauƙi ba, chevaux ne. Ɗiyan Faransawa kansu, da ba su san wani harshe ba, suna cewa "j'ai prendu" maimakon "j'ai pris".

Malam Laminu Limanci: Alhaji Lawali, yaro abin da ya ji shi yake faɗi. Ibn Khaldun ya rubuta a Muƙaddimarsa, wadda ya tsara a 1377, cewa ji shi ne uban ƙwarewar harshe. Don haka Ƙuraishawa suke kai jariransu ƙauye raino, kamar yadda aka kai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wurin Halimatu a cikin Banu Sa'ad, inda harshe bai gauraya ba. Ka bincika, akwai wani yaro a jardan ɗin ko a unguwa mai faɗin haka, a bakinsa ya ɗauka. Ka riƙa gyara masa duk sadda ya faɗa, zai bari.

Harira: Ina wuni iyayena da yayyena. Kawu Lawali, wannan saƙon naka ya fi mini kyautar atamfa. Karatun da nake yi a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ke nan, yadda yara ke koyon harshen uwa, kuma hutun nan ina gida Ali Ɗan Sofo ina ɗaukar muryoyin ƙannena. Allah ya gafarta Malam, ka yi mini izini in ɗan saɓa maka.

Bara da Abdu ya ce dawaki, kalmar ya haɗiye ɗungurungum, kamar yadda ya haɗiye "bismilla". Bai san tana da dangantaka da doki ba. A cikin shekarar nan kunnensa ya tara mota motoci, taga tagogi, hanya hanyoyi, waya wayoyi, tasha tashoshi. Sai kansa ya gano cewa akwai dabara ɗaya a ƙarƙashinsu duka: ka cire wasalin ƙarshe, ka sa o, ka maimaita baƙin ƙarshe, ka rufe da i. Ya ɗauko doki ya bi da shi ta nan, ya fito dokoki. Saniya ta fito saniyoyi. Bai yi kuskure ko na harafi ɗaya ba wajen bin dabarar. Laifinsa kawai bai san cewa doki da saniya da akuya da tunkiya tsofaffin kalmomi ne masu taurin kai ba.

Matakin uku ne, kuma an gan su a harsuna da yawa. Da farko daidai saboda hadda, sannan kuskure saboda an gano ƙa'ida, sannan daidai kuma bayan an ware masu taurin kan. Ɗan Ingilishi yakan fara da "went", ya koma "goed", ya dawo "went". Abdu yana tsakiya ne.

Lawali Mai Shago: Wato kina nuhin ci gaba ne?

Harira: Sosai kuwa. Ka tambayi kanka, Kawu, a gidanku wa ya taɓa kiran shanu saniyoyi?

Lawali Mai Shago: Babu. Kakarshi Bahillata ce ma, da ta ji sai da ta riƙe baki.

Malam Laminu Limanci: Ɗiyata, in wani yaro ya ji a wurinsa fa?

Harira: To shi wancan yaron a bakin wa ya ji, Malam? Dole a ƙarshen layin a sami yaron da ya ƙera ta da kansa. Wannan gardamar taku da ni tsohuwa ce. A 1957 wani masanin halayya na Amurka, Skinner, ya fitar da littafi yana cewa magana ɗabi'a ce da ake koya ta hanyar kwaikwayo da yabo da gyara. A 1959 Chomsky, masanin harshe, ya yi masa raddi mai zafi, ya ce yaro na faɗin jimlolin da bai taɓa ji ba, don haka dole da wani shiri aka haife shi. Daga baya irin su Tomasello suka ce a'a, ba sai an ce an haife shi da nahawu ba, yaro gwani ne wajen gano abin da ke maimaituwa da kuma gane nufin mai magana, daga guntayen da ya ji yake gina ƙa'ida sannu a hankali. Har yau ba su sasanta ba. Amma duk ɓangarorin biyu na baya sun yarda cewa kwaikwayo tsagwaronsa ba ya haifar da dokoki.

Malam Laminu Limanci: Bari in duba littafin, kada in yi wa malamin ƙarya.

Hajiya Rabi Sabon Gari: Ku dai kuna da lokaci. Ni ɗiya tara na haifa, ba wanda na zaunar na koya ma magana, kuma ga su nan sun ishe ni da surutu.

Malam Laminu Limanci: Na duba. Gaskiya ɗiyar nan tana da hujja a cikin littafin da na kawo da kaina. Ibn Khaldun bai tsaya a ji ba. Ya ce yaro yana jin kalmomi ɗaiɗai ya riƙe, sannan ya ji yadda ake harhaɗa su, abin ya yi ta maimaituwa har ya zama masa jiki. A wani wurin kuma ya kawo misalin masaƙa, cewa mai harshe yana samun wani ma'auni a ransa ya riƙa saƙa maganarsa a kai. To masaƙi ai ba zanen da ya gani yake ɗaukowa ba, sabo yake saƙawa. Na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne gyara. Ba a barin yaro kan kuskure.

Harira: Na gode Malam, wannan misalin masaƙar zan sa shi a rubutuna. Batun gyara kuwa, Kawu Lawali ya riga ya gwada mana jiya: ya gyara, yaro ya ce "e, dawaki", ya shiga gida ya ce dokoki. Roger Brown na jami'ar Harvard ya bi yara uku shekaru yana ɗaukar hirarsu da iyayensu, kuma a 1970 shi da abokiyar aikinsa suka duba abin da iyaye ke gyarawa. Sai suka ga gaskiyar magana suke gyarawa, ba ginin jimla ba. Mu ma haka muke. Yaro ya ce "ruwa ta zube", uwa za ta ce "wa ya zubar?" ta wuce. Amma ya ce "Baba ya tahi kasuwa" alhali Baba na ɗaki, nan take za a ce ƙarya kake. Abin da ya fi amfani shi ne ka mayar masa da maganar daidai ba tare da tsawa ba: "E, ga dawaki can, dawaki nawa ka gani?"

Mushe Isuhu: Wannan "ruwa ta zube" ɗin ma irin dokoki ce ko?

Harira: Uwarsu ɗaya, Mushe. Yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne a Hausa: riga, hula, mota, gona. Sai ga ruwa, gida, suna, nama, wata, duk maza. Yaron da ya ce "gidata" ko "sunata" ya gano ƙa'idar ke nan, sauran ya san ƴan tawaye.

Sani Tibiri: Ni nawa abin dariya ne. Autana cikin mata ya tashi, uwa tai da ƴan uwa nai mata huɗu. Har ya kai shekara ukku in na shigo gida sai ya ce "Baba kin dawo?" Abokaina sunka yi ta yi min tsiya. Ranar da munka tai Madarunfa biki, gaban surukaina ya ce "Baba ke ce?" Na so ƙasa ta tsage.

Madam Fati: Malam Sani, ɗanka ɗan'uwana ne. Ni Bazabarma ce daga Doso, shekara goma sha ɗaya ina aure a Maradi, har yanzu ina ce ma namiji "ta zo". A Zabarmanci kalma ɗaya ce, "a", ko mace ko namiji. Ɗiyata mai shekara huɗu ita ke gyara mini yanzu, "Inna, Kawu ba ta ba ne, ya ne." Tambayata ga Harira: dangin mijina sun ce in daina yi ma ƙaramin Zabarmanci, wai shi ya sa yake cewa "ba ni hari" maimakon "ba ni ruwa", wai zai tashi ba Hausa ba Zabarmanci. Abin yana damuna, don uwata ba ta jin Hausa, in na bari da me za su gaisa?

Harira: Anti Fati, kar ki bari. Dubi jimlar da kyau: "ba ni hari". Ginin Hausa ne cif, kalma ɗaya ya aro ya ajiye ta daidai inda ruwa zai zauna. Mai ruɗewa ba ya haka. Mu manya ba ma cewa "na tahi lakwal", "ba ni bik"? Tun 1913 wani Bafaranshe, Ronjat, ya rubuta littafi kan ɗansa, shi yana yi masa Faransanci uwar tana yi masa Jamusanci, yaro ya tashi da duka biyun. Kuma mu nan ba mu buƙatar Bafaranshe ya gaya mana. Je ki Dakwaro ki ga yaran da ke Hausa a kasuwa, Fulatanci ko Buzanci a gida. Ki lura da abu ɗaya: in kakarsa ta kira waya, da wane harshe yake amsa mata?

Madam Fati: Zabarmanci. Ko sau ɗaya bai taɓa yi mata Hausa ba.

Harira: To ya san wa ke jin me. A Maradi Hausa ba ta cikin haɗari, titi kaɗai ya isa ya ba shi ita. Zabarmancin ne ba shi da kowa sai ke.

Madam Fati: Allah ya biya ki. Saura ki gaya mini ranar da zan iya bambanta baki da baƙi, don ni duk ɗaya nake ji.

Harira: Wannan kam an yi miki nisa, Anti, tun kina goye. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka gwada jariran gidajen da Ingilishi kaɗai ake yi. Suka kunna musu sautuka biyu na Indiyanci masu kama da t, da wasu biyu na wani harshen ƴan asalin ƙasar masu fitowa da ƙarfi daga maƙogwaro irin ƙ ɗinmu. An koya wa jariri in sauti ya canza ya waiwaya, sai a kunna masa abin wasa. Ƴan wata 6 zuwa 8 yawancinsu suna jin bambancin da iyayensu ba sa ji. Ƴan wata 10 zuwa 12 kuwa kaɗan ne suka iya. Kafin yaro ya faɗi kalmarsa ta farko kunnensa ya riga ya zaɓi sautukan gidansu ya saki sauran. Babba na iya koya, amma da gumi.

Abin ma ya riga haihuwa. A watannin ƙarshe na ciki ɗan tayi na jin muryar uwa, ba kalmomi ba, hawa da saukar murya. A 2009 an auna kukan jarirai ƴan kwanaki a Faransa da Jamus, na Faransa kukansu ya fi yin sama a ƙarshe, na Jamus ya fi yin ƙasa, kamar yadda maganar iyayensu take. Daga baya an auna na ƙabilar Nso a Kamaru, masu harshe mai karin sauti irin namu, aka ji kukansu ya fi lanƙwasa. Ƙanena mai wata ashirin ba ya iya furta ƙ ko ɗ tukuna, amma bai taɓa kiran miyar kuka da muryar kukan hawaye ba.

Zuwaira (matar Lawali): Salamu alaikum. Inna tana kusa da ni, na karanta mata duka, ta ce in rubuta muku wannan yadda ta faɗa. Ta ce: "Ku gaya ma yarinyar nan mai karatu, Lawali ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunanshi ba, ban taɓa zaunar da shi gaban mutane ina yi mishi hira ba, kunya ba ta bari. Da aka yaye shi ma wurin uwata aka kai shi. To wa ya koya mishi wannan bakin da yake cin kasuwa da shi? Yanzu an zo ana ce ma mata a rediyo su yi ta yi ma jinjiri magana kamar taɓaɓɓu."

Mushe Isuhu: Inna ta kawo ƙara mai ƙarfi. Mu ma a taron horo an sha gaya mana cewa ɗan talaka na shiga lakwal da giɓin kalmomi miliyan talatin.

Harira: A gaishe da Inna, a ce mata tambayarta ita ce ta raba kan masana yanzu. Wannan miliyan 30 ɗin daga binciken Hart da Risley ne na 1995, gidaje 42 kacal a Kansas ta Amurka, kuma lissafi ne aka faɗaɗa daga awa ɗaya a wata. Abin da suka fi ƙirgawa shi ne maganar da aka fuskanci yaro da ita. A gidan da daga uwa sai uba sai bango, wannan ma'aunin yana da ma'ana. Kawo shi gidan Inna ka gani. Jariri na bayan yayarsa tun safe, yana jin kishiyoyi, yana jin masu talla, da dare ga tatsuniya. Uwa na kunyarsa, amma kaka na kiransa mijinta tana tsokanarsa wuni guda, kuma wasan kaka da jika ai hira ce ta fuska da fuska. An yi irin wannan awon a wurin ƙabilar Tsimane ta Boliviya, aka ga maganar da manya ke yi wa ƙaramin yaro kai tsaye ba ta kai minti ɗaya a awa ba. A ƙauyukan Mayawa masu harshen Tseltal a Meziko ma kaɗan ce, amma yaran sun fara kalmomi da haɗa su a lokacin da ake sa rai. Ni ra'ayina, ba a yi wa gidajenmu adalci in an auna su da mudun wasu.

Rakiya (likitar yara): Harira, tsaya nan. Ina jin tsoron wasu su karanta wannan su ce shi ke nan, ba sai an kula yaro ba. Gidan da Inna ta yi raino ba shi ne gidan yau ba. Abin da nake gani a wurin aiki: uwa ta zo awo, yaro ɗan wata goma sha takwas riƙe da waya yana kallon zane mai motsi, ita ma tana kan tata. Gidan haya ɗaki biyu, ba kaka, yayyen suna lakwal. Wannan yaron ba shi da uwar ba shi da gidan.

Harira: Gaskiyarki, Yaya Rakiya, kuma akwai gwajin da ya goyi bayanki. A 2003 Patricia Kuhl a Amurka ta kawo jarirai ƴan wata 9 ta haɗa su da masu Sinanci, zama 12 cikin kamar wata guda, ana wasa ana karanta musu littafi. Wasu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin, wasu murya kaɗai. Waɗanda suka zauna da mutum sun riƙe sautukan Sinanci. Na talabijin da na murya kamar ba su taɓa ji ba. Ba sai uwa ba, amma sai mutum mai numfashi wanda in yaro ya yi gwaranci zai amsa masa.

Uwar Biyu: Don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Hasana tana surutu, Husaini shekara biyu da rabi ko "mama" ba ya cewa sosai, sai nuni. Da yana ɗan gwaranci, bayan zazzaɓin da ya yi mai tsanani da zafin bara sai ya yi shiru. An ce in kai shi wurin wanzami a yanke zaren ƙarƙashin harshe. Wasu sun ce namiji ne, dama maza na da nauyin baki.

Rakiya (likitar yara): Ƙanwata, kar ki kai shi wurin wanzami, kuma kar ki jira. Wannan ba irin na Abdu ba ne. Abdu ya sauya kalma da wata, naki ya yi shiru bayan ciwo. Abin da za a fara dubawa kunne ne. Sanƙarau na kashe ji, ƙyanda ma haka, kunnen da ke zubar da ruwa a bar shi ma yana rage ji, kuma kin san yadda sanƙarau ke yi mana a watannin zafi. Yau ki tsaya bayansa inda ba ya ganinki ki kira sunansa, ki buga murfin tukunya, ki ga ko zai waiwaya. Ko ya waiwaya ki kai shi a duba, don wani yana jin ƙara amma ba ya jin magana. Ga kowa: yaro ya cika shekara ba gwaranci, ko wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu irin "ba ni" ko "Baba tahi", ko ya bar abin da ya iya, a kai shi likita. Zaren harshe ba ya hana yaro fahimta ko yunƙurin magana. Ki biyo ni ta gefe in gaya miki ranar da za ki zo.

Harira: Kuma ko ya zamana kunnen ne, Anti, harshe bai rufe masa ba. An gani a 1991 cewa jariran kurame da iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da yatsu a watannin da masu ji ke yi da baki. A Nikaragwa da aka tara yara kurame a makaranta a ƙarshen shekarun 1970, su da kansu suka ƙirƙiro harshen hannu, ƙananan da suka zo baya suka ƙara masa ƙa'idojin da manyan ba su da su. Kuramen Kano ma suna da tasu maganar hannu, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi littafi a kanta a 2000. Abin gudu shi ne yaro ya yi shekarun farko ba wani harshe, na baki ko na hannu. Ki ci gaba da nunin nan da shi, ki sa Hasana ma.

Uwar Biyu: Na gode. Zan gwada in sun tashi barci.

Malam Laminu Limanci: Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe bakinsa.

Mushe Isuhu: Amin. Harira, abin da ke ci mini rai ke nan. Yaro ya zo mana da shekara shida ya gama gina duk wannan, ya san "na sayi goro" da "na saye shi" da "abin da na saya", abin da ni kaina ba zan iya bayyana dalilinshi ba. Sai mu ce ya ajiye a bakin ƙohwa mu fara daga sifili. Tun 1973 aka buɗe lakwal ɗin gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, ga shi a 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa, amma littafin da zai gaya mini abin da ɗan shekara shida ya iya da wanda bai iya ba a Hausa, ban riƙe shi a hannuna ba.

Harira: A 2022 wasu masana biyu, Kidd da Garcia, suka ƙirga abin da manyan mujallu huɗu na wannan fanni suka buga cikin shekara 45. Harsuna 103 kawai suka samu cikin kusan 7,000, kuma Ingilishi ya cinye fiye da rabi. In an leƙa Afirka kuwa akan sha mamaki. An daɗe ana cewa jimlar da ake gabatar da wanda aka yi wa aiki tana yi wa yara wuya sai sun girma, sai Katherine Demuth ta je Lesoto ta tarar ƴan ƙasa da shekara uku suna yin ta a Sesoto. Jam'in Hausa ya fi kala goma, na Ingilishi kusan ɗaya ne. Wa ya san abin da yaranmu za su rushe?

Ku taimake ni da wasa ɗaya. A 1958 Jean Berko ta zana wani tsuntsu da babu shi, ta ce wa yara ƴan shekara 4 zuwa 7 wannan "wug" ne, ga wani kuma, sun zama biyu, su mene ne? Suka ce "wugs". Kalmar da ba a taɓa ji ba ba a haddace ta. Ku zana wata dabba ta banza ku ce sunanta "lota", ku ƙara biyu ku ce waɗannan fa? Sannan wata ku ce "zulgi". Kar ku ba su amsa. Ku rubuto mini da shekarun yaron.

Sani Tibiri: Kahin a kai ga yara, zulgi ai zulage ne, kamar gulbi gulabe.

Hajiya Rabi Sabon Gari: Wane irin zulage? Zulguna.

Mushe Isuhu: Ni bakina zulgogi ya ba ni. Manya ukku amsa ukku, to da wanne za mu yi ma yaro maki?

Harira: Ba maki, Mushe. Wanda ya fara zuwa bakinsu nake nema.

Madam Fati: Na gwada. Mai shekara huɗu ta ce lotoci, ba ta ko yi tunani ba. Abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa ba ta ce lototi ba?

Harira: Anti, kin ga abin da na fi so in gani! A Hausa t in ta zo gaban i takan koma c, s ta koma sh: mota motoci, tasha tashoshi. Ba wanda ya gaya mata, kuma ta yi shi a kalmar da aka ƙirƙira yau da rana. Zulgi fa?

Madam Fati: Ta ce "zulgi biyu" ta tashi ta bar ni.

Sani Tibiri: Nawa mai shekara bakwai ya ce zulage. Ɗan ubanshi. Kuma ku sani "sunka" da "munka" yake cewa gida, in ya shigo Maradi wurin gwaggo tai sai ya koma "suka". Tsakaninmu da ku tahiyar minti ashirin ce, amma ya san inda Gobir ta ƙare.

Uwar Biyu: Na buga murfin. Ta hagu ya waiwaya, ta dama bai motsa ba sai da Hasana ta juya. Yaya Rakiya ta ce in zo Litinin.

Rakiya (likitar yara): Ki zo da katin awonshi, da sassafe.

Lawali Mai Shago: Allah ya sa a dace. Ni kuma nawa gwajin bai yi ba. Na zana zulgi bayan kwalin sukari, Abdu ya duba ya ce "wannan ba zulgi ba ne, ƙadangare ne", ya ƙi ci gaba. Lota kuma ya ce kaza ce mara lahiya.

Harira: Laifin mai zane ne, Kawu. Bar gwajin. Ka ba Anti Zuwaira kaye ɗaya na rubutu, duk abin da ya faɗa wanda ya ba ku dariya ta rubuta yadda ya fito, da kwanan wata, kar ta gyara. Darwin ma, masanin halittun nan, daga littafin da ya riƙa rubuta abin da ɗansa ke yi ne ya fitar da maƙala a 1877. Ina son in san ranar da dawaki za su dawo, da ko za su yi zaman tare da dokoki kafin ɗaya ta kori ɗaya.

Zuwaira (matar Lawali): Na riga na soma a bayan kayen bashin shago. Da azahar da aka taso daga masallaci ya leƙa waje ya ce "Inna, mutanoni sun hito." In rubuta shi ƙarƙashin dokoki ko shahi daban?

Harira: Shafi daban, Anti. Wannan jam'i ne ya ɗora a kan jam'i. Sa kwanan wata, kuma ki tambaye shi in guda ɗaya ne me ake cewa.

Zuwaira (matar Lawali): Na tambaye shi. Ya ce Baba.